Ƙusoshin Khairat a Dutsen Yashi

Ƙusa ta farko ta zare daga jikin dutsen kamar haƙorin yaro mai famfara. Ina tsaye bayan igiyar da aka tare 'yan kallo da ita, rungume da kular shinkafa, kuma ko ni da ban san kan injiniyanci ba na gane ba haka aka so ba.

Khairat ce mai aikin, 'yar yayar mijina. Tana digiri na uku a Manchester, bincikenta kuwa a kan ƙusoshin ƙarfe ne da masu hawan dutse ke kafawa su rataya igiyarsu, su rataya ransu a jiki. Dutsen yana wani tsohon kwari, wato wurin fasa dutse da aka daina aiki a cikinsa, a bayan Birmingham. Ja ne mai laushi, yashi ne kurum da ya daskare, in ka goga yatsa sai ya biyo ka. Irinsa ba a buga masa ƙusa da guduma. Rami ake hudawa, a share shi tas, a cika da gam, a tura ƙusar a bar ta ta kama. Ranar gwaji sai a ɗaura mata wata na'ura mai kama da jak ɗin mota, a yi ta ja ana duban ma'auni. Khairat ta ce ƙusa ta gari sai ta ɗauki nauyin mota kafin ta ce uffan.

Mai kwarin ya yi alkawari in gwajin ya yi kyau zai bar yaran jama'armu na unguwannin Handsworth da Sparkhill a Birmingham su riƙa zuwa hawa a ƙarshen mako. Shi ya sa iyaye suka cika wurin, kowa da kujerarsa da fulas ɗin shayi.

Ta biyu ma ta zare. A ta uku allurar ma'aunin ko motsin kirki ba ta yi ba. Haka Khairat ta bi jerin nan har ƙarshe, abokin karatunta Nazir yana matsa na'urar, ita tana karɓar ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta fito da gam ɗinta a jiki sumul, ba ta ɗebo ko ƙwayar yashi ba, a bayan gam ɗin kuma akwai wani baƙi siriri kamar an shafa kwalli.

"An zuba wani abu a ramukan kafin a sa glue," in ji Nazir. "Kamar engine oil."

Alhaji Ubaidullah, shugaban iyayen yara, mutum ne da ba ya barin magana ta huce. Ya miƙe daga kujerarsa ya ce, "To wa ke riƙe da key ɗin gate?"

Kowa ya san amsar, ido kuwa ya koma kan Nehemiah. Dattijo ne ɗan asalin Jamaica mai farin gemu, ya daɗe yana koya wa yaran Handsworth hawan dutse kyauta, shi ne ma ya fara ɗaura wa Khairat igiya tana 'yar firamare. Sai dai babu wanda bai taɓa jin sa yana faɗin ra'ayinsa ba, cewa dutse ba bangon kicin ba ne da kowa zai zo ya huda. Alhaji Ubaidullah ya miƙa hannu. Nehemiah ya ciro makullin ya ba shi, bai kare kansa ba, hakan kuwa ya fi kowace magana cutar da shi.

Dakta Clara, malamar da ke duba aikin Khairat, ta ja ta gefe. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Ta ce in ba a tabbatar hannun wani ne ya shiga ramukan ba, kwamiti zai ɗauka Khairat ce ba ta iya kafa ƙusa ba, kuma za a cire ta daga aikin baki ɗaya.

Khairat ta zo wurin mijina idonta jawur. "Kawu, ka nemo min shi. Wallahi ko waye sai na kai shi police." Ta juyo gare ni. "Anti Saudatu, please, kada kowa ya gaya wa Mama. Za ta ce dama ta faɗa."

Mahaifiyarta, Hajiya Khadijatu, ba ta zo ba, kuma ba wanda ya yi tsammaninta. Tun da mijinta Dakta Jumare ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya tilo, ba ta son ko jin kalmar dutse. In Khairat ta ɗauko zancen aikinta sai ta tashi ta tafi duba tukunya.

*

Mijina Falalu mai haɗa magani ne a wani kemis a Gorton, cikin Manchester inda muke zaune. Mutum ne da zai yi ta neman tabarau alhali suna kansa, amma ka nuna masa ƙasar da aka taka, zai gaya maka wanda ya wuce da abin da ke damunsa. A wurin kakansu ya koya, can wajen Dutsin-Ma, suna bin sawun shanun da suka ɓata. Na yi zaton ilimin zai mutu a ƙasar kwalta, sai ga shi duk wanda aka ɗauke wa keke a ƙofar masallaci gidanmu yake bugo wa waya.

A kwarin nan ya roƙi kowa ya tsaya inda yake. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga da safa, sabuwar safar da na saya masa. Dutsen ya yi rumfa a saman ramukan, ruwan sama ba ya kaiwa wurin, don haka yashin da ke gindinsa busasshe ne, yana riƙe duk abin da aka ba shi.

Ya fara daga ƙofa. Ya nuna mana sawun babban takalmin Nehemiah, ya shigo, ya ratse zuwa wani falalen dutse nesa da ramukan, ya tsaya nan.

"Ya zauna a nan, ya daɗe," in ji Falalu. "Kuma bayansa ya ba ramukan."

"Gadi yake yi wa wanda ya turo," in ji Alhaji Ubaidullah.

A gindin ramukan kuwa yashin ya kwanta lumui tun daga farkon jeri har ƙarshe, kamar an ja tabarma a kai. Falalu ya ce sharar tana saman garin dutsen da ya zuba ranar huda, tana kuma ƙarƙashin sawun Khairat na ranar sa gam. Khairat ta ce haka ne, ranar da ta huda ta wanke ramukan da buroshi, ta rufe bakin kowane da salatef, sai bayan 'yan kwanaki ta dawo da gam. Ta tarar da salatef ɗin yadda ta bar shi.

"Ka gani, ya share sawunsa da reshe," in ji Alhaji. "Wannan ai professional ne."

Falalu ya ci gaba da bin jerin. A rami na ƙarshe ya durƙusa ya daɗe, har ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan yashin. Da ya tashi na ga fuskarsa ta canja, irin canjin da matar mutum kaɗai ke gani. Ya ɗauki ƙusa guda ya nannaɗe a hankici ya sa aljihu.

*

Kafin mu kama hanyar Manchester muka biya Handsworth. Gidan Nehemiah yana kallon na Hajiya Khadijatu, titi ne kawai tsakani, amma shekaru ke nan gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu. A ganinta shi ya sa wa 'yarta wannan ciwo na hawan dutse.

Muka same shi a lambun bayan gida yana ɗaure wa tumatir sanda. Ya kawo mana shayi, muka yi maganar da Turanci.

"Ka buɗe ƙofar nan tsakanin huda da sa gam?" in ji Falalu.

"Na buɗe."

"Kai kaɗai?"

"A'a."

"Da wa?"

Nehemiah ya juya kofinsa a hannu. "Na yi alkawari ba zan faɗa ba."

Raina ya ɓaci, na ce masa alkawarin nan zai kai shi gaban 'yan sanda, zai kuma raba yarinyar da ya raina da aikinta. Ya dube ni da idanun da suka yi ja.

"Ban son ƙusa a jikin dutse, gaskiya ne, na faɗa a gaban kowa. Amma yarinyar nan ni na koya mata ƙullin igiya, hannunta bai kai rabin nawa ba a lokacin. Wanda na kai wurin nan ba zai cuce ta ba. Wani ne daban ya zo da man, ku neme shi."

"Me wanda ka kai ya je yi?" in ji Falalu.

"An ce in juya baya, na juya."

Da muka fito na nufi ƙofar Hajiya, don ba a taɓa yi mun zo unguwar ba mu gaishe ta ba. Falalu ya riƙo gefen mayafina ya ce dare zai yi mana a babbar hanyar M6. Rana kuwa tana sama tsaf. Na shiga mota ina mita.

Sai da muka wuce Stafford ya yi magana. "Ba reshe ba ne, Saudatu. Reshe yana barin zane. Bakin doguwar riga ne ke jan ƙasa, yana share sawun mai shi ba da saninsa ba."

*

Da Khairat ta ji zancen doguwar riga, sunan Nazir ne ya faɗo daga bakinta. Ran Juma'a jallabiya yake sawa har cikin jami'a. Na'urar ja guda ɗaya ce a sashensu, sun sha yin faɗa a kanta, har ya taɓa ce mata aikinta wasan yara ne. Kuma ya san Nehemiah, zai iya roƙonsa ya buɗe masa.

Falalu bai nuna ɗoki ba, amma ta matsa, don haka ran Juma'a muka tare Nazir bayan an sauko daga masallaci. Tun daga nesa na hango shi, dariya ta kusa kufce mini. Jallabiyar tasa a tsakiyar ƙwauri ta tsaya, irin ta masu ɗage tufa don bin sunna. Wannan duk yadda ya yi tafiya ba za ta taɓa ƙasa ba.

Shi bai ga abin dariya ba da ya gane abin da ya kawo mu. Yaro ne ɗan Zariya da ya zo da tallafin karatu, ga zuciya a kusa, ga saurin hawaye.

"Ni Khairat take zargi? Baba, mun yi faɗa a kan machine, yes. Amma kwana nawa na yi ina ɗaukar mata kaya zuwa quarry ɗin nan? Tun ranar ban huta ba, ina lab ina neman abin da zai wanke ta."

"Ka samu?" in ji Falalu.

"Na samu cewa na yi kuskure. Ba oil ba ne. Na kankaro baƙin na sa a ruwa, sai ya narke. Oil ba ya narkewa a ruwa. Kamar wani gum ne da carbon a ciki, ya bushe a bangon ramin ya yi santsi, glue ɗin ya kama shi maimakon dutsen. Amma wa zai zauna ya haɗa irin wannan?"

Falalu ya dafa kafaɗarsa ya ba shi haƙuri.

*

Washegari da safe na shigo kicin na tarar da shi ya kwance hankicin nan, ya jiƙa yatsa, ya goga a jikin gam ɗin, ya kai bakinsa.

"Falalu, kai da kake hana mutane shan magani ba izini, kai ne kake lasar guba a kicin ɗina?"

Ya miƙo mini ƙusar. "Sansana."

Na ƙi, ya nace. Da na kai ta hanci, sai ga ni ina 'yar shekara bakwai a tsakar gidanmu a Kano, ina fama da zazzaɓi, kakata ta toshe mini hanci tana ɗura mini abu a ƙoƙo. Gawayi da ƙaro. Tawadar allo ce.

"Rubutu," na ce.

"Rubutu aka wanke aka zuba a kowane rami."

Na zauna. Maƙiyi ba ya wanke allo don ya ɓata maka aiki. Na dubi mijina na ga hawaye sun taru masa, mutumin da ko ranar da muka bar gida bai yi kuka a gabana ba.

"Tun a kwarin ka sani," na ce.

"Na yi ta fatan in zama na yi kuskure. Kira Yaya, ki ce gobe za mu zo da baƙi cin abincin rana."

Na ce ba zan taya shi tozarta yayarsa a gaban mutane ba, ya je ya same ta a ɗaki su kashe maganar. Ya ce a gaban mutane aka karɓe makullin Nehemiah, a gaban mutum kuma ya kamata a mayar masa. Ya ce shi ba zai kama sunan kowa ba, kuma ya san Yaya, in ta ji an zargi wani a kan abin da ta yi, ba za ta yafe wa wanda ya rufa mata asiri ba. Na kira ta ina jin haushinsa, ina kuma sanin gaskiya ya faɗa.

*

Hajiya Khadijatu ta tuƙa tuwon semo da miyar kuka kamar za ta ciyar da unguwa. Ta fito tana dogara sandarta, abayarta tana jan kafet. Ta yi murnar ganin Khairat, ta karɓi gaisuwar Nazir da ta Alhaji Ubaidullah, amma da ta ga Nehemiah a falonta sai ta ɗan tsaya. Ya ce, "Mrs Jumare." Ta ce, "Mr Nehemiah." Ta koma kicin ɗauko zoɓo.

Falalu bai jira a ci abinci ba. Ya sa aka kawo masa farin kwano da ruwa, ya tsoma ƙusar, muka zuba ido ruwan yana rinewa. Ya yi magana da Hausa, Khairat tana juya wa Nehemiah zuwa Turanci a hankali.

"Ranar gwaji duk ƙusoshin Khairat sun zare, saboda an zuba wannan baƙin a ramukan. An zargi Nazir. Rigarsa ba ta kai ƙasa ba, kuma shi ne ya gano ba mai ba ne. An zargi Nehemiah. Ya buɗe ƙofa, amma sawunsa bai kusanci ramukan ba."

"To wa ya kai?" in ji Alhaji Ubaidullah. "Ai shi ne maganar."

Hajiya ta dawo da tire a hannu ɗaya, sanda a ɗayan. Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a kan kwanon.

"Wanda ya kai ya zo da doguwar riga da sanda," in ji Falalu, bai dubi ƙofar ba. "Rigar ta share sawunsa, amma bakin sandar ya bar tabo a gefe. Daga dama ya fara. Kowane rami sai ya tsaya ya daɗe, ya ɓare salatef, ya zuba, ya mayar da shi daidai yadda ya same shi. A na ƙarshe gwiwa ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a yashi. Ya dafa ƙasa da hannun hagu, don na dama yana riƙe da gora bai yarda ta zube ba. Daga zaune ya miƙa hannu ya cika ramin. Bai kira wanda ke jiransa ya ɗaga shi ba, da jan jiki ya kai ga sandarsa."

"Ya isa, Falalu," in ji Hajiya. "Ba sai ka biyo ni har gida ba. Ga ni."

Na tashi na karɓi tiren kafin ya faɗi. Ta zauna a hannun kujera, ta dubi 'yarta.

"Me ya samu ƙusoshin? Ba wanda ya gaya mini komai."

Nazir ne ya yi bayanin, a hankali, da ladabi, yadda ƙaron ya bushe a cikin ramin ya hana gam kama dutse. A wata rana da ya yi mana wa'azi a kan shan rubutu, amma ranar nan kansa a ƙasa yake.

"Mama, why?" in ji Khairat. "Me ya kai ki wurin?"

"Na ji ki a waya, ranar da kika kwana nan. Kina cewa dutsen ba shi da ƙarfi, in ƙusa ta zare mutum ya tafi ke nan. Ban yi barci ba. Na ɗauko allon babanki na yi ta rubuta ayoyin tsari ina wankewa har gora ta cika. Na san in na ba ki za ki ce Mama ta fara. Sai na ce bari in kai wa abin da zai riƙe ki." Ta nuna Nehemiah da haɓa. "Na tsallaka titi na ƙwanƙwasa wa bawan Allahn nan ƙofa, ni da ban taɓa ba shi ko ruwa ba. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗauko mota."

"Ba ni zan rataya a kansu ba, Mama. Test bolts ne, na gwaji kawai. Machine ne zai ja su."

"Wa ya gaya mini?"

"Kullum na fara sai ki tashi."

"Ina tashi ne don in na zauna zan ga ki kina faɗowa."

Alhaji Ubaidullah ya yi ta laluben aljihu har ya samo makullin, ya tashi ya kai wa Nehemiah da hannu biyu, ya ba shi haƙuri da Turancin da ya fi na kullum gajarta. Ya ce da bakinsa zai gaya wa sauran iyaye. Nehemiah ya karɓa ya ce da ya san abin da ke cikin gorar da ya hana ta zubawa, amma ko da ya sani ba zai faɗi sunanta ba. Da Hajiya ta fahimci cewa mako guda ana kiran maƙwabcinta maɓarnaci saboda ita, sai ta rufe fuska da mayafi.

Khairat ta ɗauki wayarta ta fita lambun baya. Ta tagar kicin nake hango ta tana kai da kawowa tsakanin igiyar shanya da katanga, tana magana, tana share ido da bayan hannu. Na ji tausayinta har cikin raina. Ta rantse za ta kai mai laifi ga hukuma, ga shi abin da ya rage mata shi ne ta gaya wa malamarta cewa uwarta ce.

Ta daɗe kafin ta dawo. Ta tsaya a tsakiyar falo.

"Na gaya wa Dr Clara komai. Na ce laifina ma yana ciki, da na sake wanke ramukan ranar glue da na gani. Ba za su cire ni ba. Amma sai an sake huda sababbi, ga winter na tafe da ruwa, dutsen zai jiƙe, ba a gwaji a jiƙaƙƙen dutse. Sai bazara. Ba zan gama da 'yan ajinmu ba, sai baɗi."

"Na cinye miki shekara," in ji Hajiya daga cikin mayafi. "Da hannuna."

Khairat ba ta ce a'a ba, don ba ta iya ƙarya ba. Ta zo ta durƙusa a gaban uwarta, ta ɗaga bakin abayar kaɗan. Gwiwar tana naɗe da bandeji, ta kumbura ta yi biyun ɗayar.

"Kin ce min sanyi ne."

"Ai da sanyin ma."

"Kin je wurin likita?"

"Zan je."

"Gobe zan kai ki." Ta ɗora tafin hannunta a kan bandejin ta bar shi nan. Can ta ce, "Mama, akwai saura?"

Hajiya ta sauke mayafin. "Sauran me?"

"Rubutun."

"Akwai ɗan kaɗan a firji, bayan madara."

Ni na ɗauko. 'Yar gorar ruwa ce ta roba, baƙin ya kwanta a gindinta. Khairat ta girgiza ta, ta yi bisimilla, ta kafa kai ta shanye, ta yamutsa fuska kamar yadda kowannenmu ya taɓa yi. Leɓenta ya yi baƙi. Hajiya ta kama bakin mayafinta ta goge mata, ta sake gogewa ko da ya riga ya fita.

"To zauna nan," ta ce, ta matsa mata wuri a kujerar. "Faɗa mini tun daga farko. Shi injin nan, ta ina yake kama ƙusar?"